Rago Mai Maciji Biyu

Matasan da ke tsayawa a ƙofar shagona a Bab Makka suna ganin sayen tsofaffin kayan ado ba sana'a ce mai wuya ba. A ganinsu mutum ya zauna ƙarƙashin fanka, a miƙo masa munduwa, ya ɗora a sikeli, ya karanta lamba, shi ke nan. Da haka ne, da duk mai sikeli a Jidda ya gina gida. Sikeli nauyi kawai yake faɗa. Ba zai gaya maka an cika cikin azurfa da dalma ba, ba zai gaya maka tsakiyar wuya da ke hannunka makon jiya ta fito daga masana'anta aka yi ta mirgina ta cikin yashi don ta yi kama da tsohuwa ba. Wannan aikin hannu ne da ido, kuma shekara talatin da wani abu ke nan ina cikinsa.

Na sauka Jidda a 1975 daga Damagaram, ina da shekara ashirin da biyu. Na yi aikin Hajji, na ƙi komawa. Dako na fara yi a kasuwa, har wani dattijo Babarbare, Alhaji Bukar, mai teburin duwatsun wuya da azurfa, ya lura ba na jefar da kayan mutane in na sauke, ya ce in zo in zauna wurinsa.

Aikin farko da ya ba ni, kwano ne cike da duwatsun wuya. Ya ce in rufe ido in ware dutse daga gilashi. Na yi dariya, na ce, "Baba, da ido ma ban iya ba." Ya ce, "To ai shi ya sa. Ido ne ɓarawon." Dutse na gaske in ka ɗora shi a leɓe sanyi gare shi, gilashi kuwa nan da nan yake ɗaukar zafin jiki. In ka ƙwanƙwasa a haƙori kowanne da ƙararsa. Wata uku ina wannan kwano. Daga nan ya koya mini duba rami: tsohuwar tsakiya daga gefe biyu aka huda ta da hannu, ramukan sukan haɗu a karkace, bakin kuma zare ya cinye shi ya yi sumul. Sabuwa raminta a miƙe yake kamar na bututu. Azurfa a jefa ta a kan dutse a saurari kukanta. Zinari a goga a baƙin dutsen gwaji a ɗiga ruwan gwaji a kai. Kayan aikina har yau ba su wuce waɗannan ba: sikeli, dutsen gwaji, allura, madubin ido ɗaya, da ɗan magagari mai tsawon yatsa.

Masu kawo mana kaya alhazai ne. A wancan lokaci mutum yakan taso daga Yaman ko Afganistan ko Sudan da guzurinsa a wuyan matarsa. In kuɗi ya ƙare, sai a ciro awarwaro ɗaya a zo Bab Makka. Mu kuma mu sayar wa masu shagunan tsaraba da matan Turawan kamfanoni. Lokacin da Alhaji Bukar ya tsufa ya koma gida, na riga na samu kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya mini, da iƙama, takardar izinin zama, na kama ɗan shago mai ƙofa ɗaya.

Akwai al'adu biyu na wannan kasuwa da sai kun san su za ku gane abin da zan ba ku labari. Ta farko ta gidan laya ce. Matan Sudan da na Yaman suna rataya laya a cikin gidan azurfa. Mu gidan muke saye. Abin da ke ciki na mai shi ne, a zare a miƙa mata. In an liƙe bakin gidan da wuta ba ya buɗuwa nan take, sai a kimanta a saya, daga baya maƙeri ya buɗe, takardar kuma a binne ta ba tare da an karanta ba. Ta biyu ta sura ce. Duk abin da ke da fuska, tsuntsu ne ko kifi ko mutum, ba a ajiye shi a teburi, don 'yan hisba masu hana mummuna suna zagayawa. Ko a goge fuskar da magagari, ko a narkar. Ni kaina na goge kawuna da yawa ban taɓa tambayar wa ya ƙera su ba. Allah kaɗai ya san abin da na lalata a shekarun nan.

Shekarar yaƙin Kuwait ita ce mummunar shekarata. Turawa suka kwashe matansu. Yamalawa, mutanen Yaman, waɗanda su ne rabin kasuwar azurfa, aka ce su tafi, suka tafi. Sai in buɗe shago tun safe har la'asar ban ga wanda ya taɓa ko zobe ba. Kafilina ya zo ya zauna a kujerar baƙi ya ce mini in aikin Hajjin bana bai tayar da shagon ba, zai ba wani mai sayar da agogo wurin. Bai yi faɗa ba. Ya sha shayi ya tafi.

Bayan an sauko daga Arfa da kamar mako biyu, wata tsohuwa 'yar Sudan ta tsaya a ƙofata, lulluɓe da farin mayafi irin nasu, da zane uku-uku a kumatu. Ta ce sunanta Hajiya Batul, daga wani gari Nuri a bakin kogin Nilu. Tana so ta yi wa jikoki tsaraba, guzuri ya ƙare. Ta ciro gidan laya daga wuyanta, mai kusurwa huɗu, bai kai tafin hannu ba, an liƙe shi ta ko'ina. Aikin tsoho ne, adon jikinsa duk ya shafe don gogayya.

Ina karɓa hannuna ya ce mini wani abu. Ya yi nauyi. Gida irin wannan da takarda a ciki na san abin da ya kamata ya auna, wannan kuwa ya kusa ninkawa. A sana'armu nauyin da ya wuce ƙa'ida ma'anarsa ɗaya: dalma. Maƙera marasa tsoron Allah sukan zuba ta a ciki don a saya a kuɗin azurfa.

Na ce, "Hajiya, an cika shi da dalma. Rabin nauyin zan biya."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ɗan Takari, kakata ce ta rataya wannan, ta ba uwata, uwata ta ba ni. Gidanmu ba a rataya dalma."

"Ba ke kika zuba ba, Hajiya. Maƙerin ne."

"Maƙerin ya mutu kafin a haifi ubanka. Bar shi ya kwanta."

Ta karɓi abin da na ba ta don ba ta da zaɓi, jirginsu na ruwa jibi zai tashi. Ko sallama ba ta yi mini ba. Ni kuwa na ji daɗin kaina, na ce yau ma hannu ya yi aiki.

Washegari na kai wa Ahmadu, wani maƙerin farfaru mutumin Agadas da ke aiki a wani lungu bayan kasuwa. Ya sa wuta a bakin gidan, ya ɗaga murfin da wuƙa. Ba takarda a ciki. Wani tsumma ne da ya zama gari, a tsakiyarsa kuma wani abu rawaya mai girman babban yatsa. Ahmadu ya hure ƙurar, muka sunkuya. Kan rago ne, ƙahoninsa sun naɗe sun zagaye kunnuwa, kowane layi na ƙahon a fili. A goshinsa macizai biyu sun fasa kai gefe da gefe, da ɗan faifai a bisansu. A baya akwai kunne na zura zare. Na goga a dutse na ɗiga ruwa. Zinari ne, mai kyau kuwa, irin mai laushin nan da ba a ƙara masa komai sosai ba.

Ahmadu ya ce, "Sani, Allah ya dube ka. Gunki ne, kawo in jefa a kasko. Kafin ka sha ruwa ya zama dunƙule, ka kai kasuwar zinari ka toshe bakin kafilinka."

Gaskiya ya faɗa, abin zai riƙe shagon har wata shekara. Amma ban taɓa narkar da abu ban duba shi da madubi a cikin haske ba, wannan horon Alhaji Bukar ne. Na ce masa gobe. Na ƙulle ragon a gefen rawanina na koma shago.

Da la'asar na ja ƙofa rabi, na fito da shi. Tunda zai kwana a shagon, sai na yi abin da hannuna ya saba: na ɗauko magagari don in shafe kawunan macizan. Na ja sau ɗaya a kan na hagu. Ban kai ga ja na biyu ba aka turo ƙofa.

Ustaz Awad ne, wani ɗan Sudan mai koyar da tarihi a wata makaranta a Sharafiyya. Shekara biyar yana zuwa shagona shan shayi, yana juya duwatsu yana ba ni labarin inda suka fito, bai taɓa sayen ko ƙwaya ɗaya ba. Ina ce masa babban abokin cinikina. Ya ga abin da ke hannuna, sai ya kama wuyan hannun nawa kamar ya kama ɓarawo.

"Ya zol! Kai mutumin nan! Ajiye ƙarfen nan!"

"Ustaz, sura ce. Kana so a rufe ni?"

"Ajiye, na ce."

Ya karɓi madubina, ya matsa bakin ƙofa wurin haske, ya daɗe. Da ya juyo ya tambaye ni daga ina. Na ce wata tsohuwa daga Nuri. Ya zauna a kujera kamar an tura shi.

Ya ce, "Ka san macizai nawa fir'aunonin Masar suke sawa a goshi? Ɗaya. Biyu kuwa namu ne. Sarakunan Kush, baƙaƙe kamar ni da kai, da suka taso daga ƙasarmu suka mulki Masar. Maciji ɗaya na Kush, ɗaya na Masar."

Na ce, "Fir'auna? A shagona? A'uzu billahi."

"Ba na Annabi Musa ba, wancan ya riga su da ɗaruruwan shekaru. Sarauta ce, mutane da yawa sun hau ta. Zuba mini shayi in gaya maka."

Na zuba. Ya ce mafi girma a cikinsu sunansa Taharka. Yana saurayi aka kira shi daga kudu zuwa Masar don ya taya yaƙi, daga baya ya hau gado, ya yi shekara ashirin da shida yana mulki tun daga cikin Sudan har bakin tekun da Nilu ke zuba. A farkon zamaninsa kogi ya yi wata cika da aka daɗe ba a ga irinta ba, aka yi amfanin gona, ya sa aka rubuta abin a dutse. Da arzikin ya yi gine-gine a Masar da Sudan, har yau akwai wani dogon ginshiƙinsa a tsaye a Luksor. Yakan sa sojojinsa tseren gudu a hamada, ya bi su da kansa ya ga wa zai riga, ya raba kyauta. Da aka naɗa shi, uwarsa ta yi doguwar tafiya daga kudu don ta gan shi a kan gado.

Na ce, "To me ya ci shi?"

"Assuriyawa. Mutanen ƙasar da yau ake ce wa Iraƙi. Ya kore su sau ɗaya, suka dawo da ƙarfi, suka karɓe arewa. Ya koma gida kudu, can ya rasu."

"Ashe ni da shi mutanen wuri ɗaya ne suka kashe mana kasuwa."

Ustaz ya yi dariya har ya ƙware. Sannan ya nuna mini gurbin magagarina da farcensa. Ya ce, "Bayan sun bar Masar, wani fir'auna ya zo ya sa aka bi siffofinsu ana sassaƙe macijin na biyu, don a manta baƙaƙen kudu sun taɓa riƙe ƙasar. Ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan ya tsere masa. Shekara dubu biyu da ɗari shida yana ɓoye, sai ga Sani na Bab Makka zai ƙarasa masa aiki."

Na tambaye shi ko na Taharka ne da kansa. Ya ce ba zai rantse ba, babu suna a jiki. Amma irin wannan rago sarakunan gidan ne ke rataya shi a wuya, kuma kabarin Taharka a Nuri yake, dalar dutse mafi girma a duk Sudan, a bayan gonakin dabino. Wataƙila wani kakan tsohuwar ya tsince shi yana haƙar rijiya ko yana noma, ya ga abin mamaki ne, ya sa aka rufe shi a azurfa.

Bai ce mini in mayar ba. Ya ma faɗa mini akwai Turawan da za su biya ninkin nauyinsa sau da yawa. Wannan hanyar na san ƙarshenta, kayan tarihi ne, in an kama ka sai kurkuku sannan jirgi. Saura kaskon Ahmadu. Ni kuwa ga yadda na auna abin, a matsayina na ɗan kasuwa. Cinikina da Hajiya Batul a kan azurfa ya faɗa. Abin da ke cikin gidan laya na mai shi ne, da takarda ce da ban yi gardama ba. Bayan haka, na rage mata kuɗi saboda nauyin nan, na kira shi dalma. Wato na ci tarar mace a kan zinarinta. In na narkar da shi, duk dutsen da zan ƙara gwadawa a rayuwata na san wane ne ya gwada shi.

Kada ku ɗauka an saka mini nan take. Shagon ya tafi bayan wata uku, mai agogo ya shiga. Shekara biyu ina shimfiɗa kaya a faranti a gefen titi, ina kwashewa in na hango 'yan baladiyya masu korar masu talla, kafin in sake samun ƙofa. Na faɗa muku ne don ku san farashin.

Da safe na koma wurin Ahmadu na karɓo gidan azurfar. Ya ce, "Ina ragon?" Na ce zai koma garinsu. Ya ce, "Mahaukacin Damagaram." Amma ya daidaita murfin yadda zai rufu ba tare da wuta ba, bai karɓi ko sisi ba.

Ni da Ustaz muka nufi masaukin alhazai na kusa da tashar jirgin ruwa. Ranar tashinsu ce. Fili cike da jarkokin zamzam, da darduma a ɗaure, da akwatunan ƙarfe, mutane ɗaruruwa cikin farare. Ni duk tsofaffin kama suke yi mini. Ustaz ne ya riƙa kutsawa yana tambaya da harshensu, "Ina mutanen Nuri? Ina mutanen Karima?" Aka yi ta nuna mana gaba. Sai wajen azahar muka same ta zaune a kan ƙullin kaya cikin wasu mata, an fara kiran layi.

Ta gane ni. "Mai dalma. Me kuma ya rage?"

Na durƙusa na buɗe hankici a gabanta. Na ce, "Hajiya, na yi kuskure. Ba dalma ba ce, zinari ne, kuma naki ne. Ga gidan, ga cikon kuɗin da na rage miki. Azurfar ma ki riƙe."

Matan suka matso. Ta ɗauki ragon da yatsu biyu, ta kai kusa da ido, sai ta sake shi a kan hankicin kamar ya ƙone ta.

"La ilaha illallah! Wannan nake rataye da shi shekara hamsin? Da shi na yi ɗawafi? Mu an ce mana ayoyi ne a ciki!" Ta ture hannuna. "Ɗauke. Na wanke zunubina a Arfa, ba zan koma gida da gunki ba. Ka narkar, ka ci, na yafe."

Ga halal ta zo har hannuna, a gaban shaidu. Ban shirya wa wannan ba. Na dubi Ustaz.

Ya tsuguna a gabanta. Ya ce, "Yumma, uwata, ba wanda ya ce ki bauta masa. In kin fito bayan gonakinku, me kike gani?"

"Tuddan duwatsun nan."

"Babban cikinsu fa?"

"Nan muke wasa muna yara. A gefensa ake shanya dabino."

"Kabarin sarkinku ne. Daga nan garin naku aka mulki Masar gaba ɗaya. Wannan alamar gidansa ce, kamar hatimi. In kin bar shi a nan, gobe ya zama awarwaro a hannun wata da ba ta taɓa jin sunan Nuri ba. In ba kya son sa a wuya, ki kai wa masu kula da kayan tarihi, ko ki sa a ƙasan akwati. Amma ya haye ruwan nan."

Wata daga cikin matan ta ce, "Batul, Masarawan da ke kiranmu masu gadin ƙofa? Mu muka mulke su?"

Ustaz ya ce, "Kusan shekara ɗari, Hajiya."

"To wallahi ki ɗauka!"

Hajiya Batul ta dubi ragon. Ta sake ɗaukarsa, wannan karon a tafin hannu, ta shafa ƙahon da babban yatsa. Ta tsaya a kan macijin hagu.

"Wa ya ji masa ciwo a nan?"

Na ce, "Ni ne, Hajiya. Sau ɗaya."

"Hannunka da sauri, bakinka da sauri." Ta miƙo mini. "Mayar da shi ɗakinsa. A wuya dai ba zan ƙara sawa ba."

Na naɗe shi a hankicin, na sa a gidan azurfar, na danna murfin. Ta kwance bakin mayafinta ta ƙulle shi tam, ta tura cikin jakar da fasfonta yake. Mai kiran layi yana ta ihu, "Yalla ya hujjaj, yalla!" Matan suka ɗora kaya a ka. Na ɗaukar mata jarkar zamzam har bakin shingen da ba a barin mai rakiya ya wuce.

A nan ta juyo, ba wurina ba, wurin Ustaz.

"Tun ina yarinya nake zama a inuwar dutsen nan, ban taɓa tambayar na wane ne ba. Sake faɗa mini sunan."

"Taharka."

"Taharka," ta ce. Ta sake faɗa a hankali, kamar mai haddar sunan sabon jika. Sannan ta karɓi jarkarta daga hannuna, ta bi layi zuwa jirgi.